Nau'in hoton da ya dace a ɗora a intanet domin tsofaffin kwamfutoci su buɗe shi

Hoton da aka ɗora a shafin intanet bai cika aikinsa ba sai ya buɗe a gaban wanda aka yi shi dominsa. A garuruwa irin su Gwandu da Kalgo a Jihar Kebbi, wannan mutumin sau da yawa ɗalibi ne da ya shiga shagon kwamfuta zai cike fom, ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma da ke aiki da kwamfutar da ta shekara goma a ofis, ko ɗan kasuwa mai wayar tokumbo. Idan nau'in hoton ya fi ƙarfin na'urarsu, abin da za su gani shi ne ɗan akwati babu komai a ciki, ko saƙon cewa fayil ya lalace alhali lafiyarsa lau.

Lamarin ya shafi mutane da yawa. A Kalgo ne mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yake, kuma a nan ne wani babban asibitin jiha yake. Neman gurbin karatu da rajista da neman aiki duk sun koma intanet, kuma kusan kowanne sai an ɗora hoton fasfo da na takardun shaida. Haka mai sayar da albasa ko shinkafa, hoto yake tura wa mai saye a Legas ko Anacha kafin a yi ciniki.

Mene ne nau'in hoto?

A wurin kwamfuta, hoto tarin ƙananan ɗigo ne masu launi da ake kira fiksel. Idan aka ajiye kowane ɗigo yadda yake, fayil ɗin zai yi nauyi ƙwarai, don haka ake matse shi. Hanyar matsewar ita ce nau'in hoto, kuma haruffan da ke ƙarshen sunan fayil, irin su jpg da png da webp, su ke nuna ta. Burauza, wato manhajar shiga shafukan intanet kamar Chrome da Firefox da Safari da Opera Mini, ba ta iya warware matsin da ba a koya mata ba. Burauzar da aka daina sabuntawa a 2016 ba ta da labarin nau'in da aka ƙirƙiro a 2019.

Canza haruffan ƙarshen suna ba ya canza nau'i. Wanda ya goge webp ya rubuta jpg, ya sauya wa buhu tambari ne kawai, abin da ke ciki yana nan, kuma shafin da ya ƙi karɓa zai iya sake ƙi. Mai son sanin gaskiyar fayil ya buɗe shi da Notepad ya dubi farkonsa: a cikin tarkacen alamomin zai ga PNG, ko RIFF da WEBP, ko JFIF ko Exif idan JPEG ne. Wuri ɗaya da canza suna ke aiki shi ne fayil mai ƙarshen jfif, domin dama JPEG ne.

Tsofaffin uku da kowa ya sani

GIF ne babba a shekaru. Kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi a 1987, kuma launi 256 kawai yake ɗauka a hoto guda, shi ya sa fuskar mutum ke fita da dabbare-dabbare a cikinsa. Amfanin da ya rage masa shi ne ɗan hoto mai motsi, wanda shi ma gajeren bidiyo ya fi shi sauƙin nauyi.

JPEG ya zama ma'auni na duniya a 1992, kuma an yi shi ne domin hoton kyamara. Yana raba hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas a kowane gefe, ya zubar da bayanan da idon mutum ba ya saurin lura da su, musamman ƙananan bambance-bambancen launi. Abin da ya zubar ba ya dawowa. Duk lokacin da aka gyara hoton JPEG aka sake ajiyewa, sai ya ƙara rasa wani abu, kamar yadda fotokofin fotokofi ke ƙara dusashewa. Saboda haka ake so a ajiye na asali a gefe, a riƙa cirar kwafi daga gare shi. Rauninsa na biyu yana wajen rubutu da layuka masu kaifi: a kusa da haruffa yakan bar wani hazo-hazo. Amma babu wata burauza ko waya mai nuna hoto ko manhajar ofis da ake amfani da ita yau da ba ta buɗe JPEG, kuma wannan shi ne babban darajarsa.

PNG ya fito a 1996, bayan kamfanin Unisys ya fara neman kuɗi a kan dabarar matsin da GIF ke amfani da ita. Ba ya zubar da komai, don haka shi ya dace da tambarin kamfani da taswira da jadawali da hoton fuskar waya, wato duk abin da launukansa kaɗan ne kuma layukansa na da kaifi. Yana kuma ba da damar bayan hoto ya zama garai-garai, ana ganin abin da ke ƙarƙashi. Internet Explorer 6 ne kawai ya yi suna wajen cika wannan wurin da launin toka-toka, kuma an gyara hakan tun fitowar na 7 a 2006. Kuskuren da aka fi yi da PNG shi ne ajiye hoton kyamara a cikinsa, inda nauyin ke ninka na JPEG sau da yawa ba tare da ido ya ga bambanci ba.

Akwai kuma SVG, wanda ke ajiye zane a matsayin lissafin layuka, ya girma ko ya ƙanƙance ba ya dusashewa. Yana da kyau ga tambari, sai dai Internet Explorer bai fara nuna shi ba sai na 9 a 2011, kuma manhajojin ofis na da ba su san shi ba. BMP, wanda Paint na zamanin Windows XP ke ajiyewa da shi, ba shi da wuri a intanet saboda nauyinsa.

Sababbin nau'o'i da lokacin da aka karɓe su

Google ya fito da WebP a watan Satumban 2010, daga baya kuma ya ce ya fi JPEG sauƙin nauyi da kashi 25 zuwa 34 cikin 100 a inganci iri ɗaya. Chrome da Opera sun karɓe shi da wuri, amma Firefox bai karɓa ba sai fitowa ta 65 a Janairun 2019, Safari kuma sai ta 14 a Satumban 2020. Internet Explorer bai taɓa nuna shi ba har Microsoft ya yi masa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022.

AVIF ya zo a 2019 kuma ya fi WebP matsewa. Chrome ya fara nuna shi a fitowa ta 85 a Agustan 2020, Firefox a ta 93 a Oktoban 2021, wayoyin iPhone a iOS 16 a 2022, Edge kuwa sai Janairun 2024. Warware shi ya fi na JPEG wahalar da na'ura mai rauni.

HEIC shi ne nau'in da iPhone ke ɗaukar hoto da shi tun iOS 11 a 2017, wasu wayoyin Samsung ma suna da zaɓinsa. Chrome da Firefox ba sa nuna shi a shafi, kuma a Windows 10 sai an sauke ƙarin manhajoji daga shagon Microsoft, wanda a kan wasu kwamfutocin ɗaya daga ciki na kuɗi ne. Shi ne ya fi jefa masu cike fom cikin damuwa. Idan aka tura hoton iPhone ta WhatsApp a matsayin hoto, yana isa a JPEG. Idan aka tura shi a matsayin takarda don gudun rage masa inganci, ko aka kwafe shi da igiya yadda yake, zai iya isa a HEIC, mai shagon ya rasa yadda zai yi da shi. Maganin yana cikin saitin wayar: a shiga Camera, sannan Formats, a zaɓi Most Compatible, daga nan wayar za ta riƙa ɗauka da JPEG.

Wace na'ura ce ke buɗe me?

Kwamfuta mai Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilun 2014, ta tsaya a Chrome 49 ko Firefox 52. Chrome 49 yana nuna WebP amma ba ya nuna AVIF, Firefox 52 kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Mai Windows 7, wadda aka daina kula da ita ranar 14 ga Janairun 2020, ta tsaya a Chrome 109 ko Firefox 115, kuma waɗannan suna nuna duka biyun. Idan kuma ma'aikaci ya saba da danna shuɗin harafin Internet Explorer, to WebP da AVIF duka ba za su fito masa ba.

A ɓangaren waya, iPhone 5s da 6 sun tsaya a iOS 12, don haka ba sa nuna WebP. iPhone 6s da 7 sun tsaya a iOS 15: suna nuna WebP, ba sa nuna AVIF. Sauke Chrome a kan irin waɗannan wayoyin ba ya magance komai, domin a kansu kowace burauza da injin Safari take aiki. Wayoyin Android sun daɗe da sanin WebP, amma AVIF ya dogara ne da ko burauzar wayar na ci gaba da samun sabuntawa.

Wani abin lura: a Satumban 2023 an gano wata babbar kafa a manhajar da ke warware WebP, wadda mugu zai iya bi ta hoto ya shiga na'ura. Manyan burauzoji sun toshe ta cikin kwanaki, amma wadda aka daina sabuntawa ba ta samun irin wannan gyara. Ofishin da ke riƙe da bayanan albashi ko na marasa lafiya a kan tsohuwar kwamfuta yana da dalilin sabunta burauzarsa da ya wuce batun ganin hoto.

Bayan an sauke hoton

Masu gina shafuka sukan duba ƙididdiga su ga cewa kusan duk burauzojin duniya na nuna WebP, su ce magana ta ƙare. A ƙasarmu ba ta ƙare ba, domin hoto ba ya tsayawa a shafi. Sakataren ƙungiyar manoma zai sauke shi ya sa a wasiƙa, malamin makaranta zai sa shi a takardar jarrabawa, mai buga kalanda zai ja shi cikin CorelDRAW. Kwamfuta mai Windows 7 za ta nuna WebP a cikin Chrome, amma da an sauke shi, manhajar kallon hoto ta Windows da Paint da Word 2007 ko 2010 duk za su ƙi buɗe shi, haka ma tsofaffin CorelDRAW. Photoshop kansa bai fara buɗe WebP kai tsaye ba sai a Fabrairun 2022.

Wanda ya faɗa wannan hali yana da mafita mai sauƙi: ya buɗe fayil ɗin da Chrome, ya kwafi hoton, ya manna a Paint, ya ajiye da JPEG ko PNG. Manhajojin kyauta irin su GIMP da IrfanView da XnView su ma suna juya nau'i ba tare da intanet ba. Shafukan da ke juya hoto kyauta a intanet suna da yawa, amma bai kamata a ɗora musu katin ɗan ƙasa ko takardar banki ko sakamakon asibiti ba, tunda mai ɗorawa bai san wanda ke ajiye kwafi ba.

Daga nan ƙa'idar ta fito: duk hoton da ake sa ran mutane za su sauke, su buga, ko su tura gaba, a ba su shi a JPEG idan na kyamara ne, a PNG idan zane ko rubutu ne.

Girman hoto ya fi nau'insa tasiri

Hujjar masu son sababbin nau'o'i ita ce tsadar data, kuma hujja ce mai ƙarfi, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sai dai lissafi na nuna cewa babbar asarar tana wani wurin.

Wayar da ke ɗaukar hoto mai fiksel miliyan 12, wato 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, takan fitar da fayil mai megabait uku zuwa biyar. Shafin da aka jera irin waɗannan goma, kowanne megabait huɗu, zai ci megabait 40 a buɗewa ɗaya, gigabait guda ya ƙare a buɗewa 25. Idan aka rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1200, aka ajiye da JPEG a inganci 75 zuwa 80, zai iya komawa kusan kilobait 150. Shafin gaba ɗaya ya zama megabait ɗaya da rabi, gigabait ɗin ya kai buɗewa fiye da 600. Juya wannan ƙaramin hoto zuwa WebP zai rage kusan kilobait 40 zuwa 50 ne kawai. Ragewar farko ta ceci kusan megabait huɗu a kowane hoto ba tare da an rufe wa kowa ƙofa ba.

Akwai kuma nauyin da ba a gani a girman fayil. Kafin na'ura ta nuna hoto sai ta warware shi a ƙwaƙwalwarta, inda kowane ɗigo ke cin bait huɗu. Hoto mai fiksel miliyan 12 na cin kusan megabait 48 ko da wane nau'i aka matse shi, mai 1200 da 900 kuwa bai kai megabait biyar ba. Wannan ne ke sa waya mai ƙwaƙwalwar gigabait ɗaya ta sandare ko burauza ta rufe kanta a shafi mai manyan hotuna.

Haka batun hoton fasfo. Shafukan rajista sukan ƙayyade nauyi, wani kilobait 20, wani 50, wani 100. Hanyar kaiwa can ita ce a fara yanke hoton ya rage kai da kafaɗa, a rage faɗinsa zuwa abin da shafin ya nema, sannan a taɓa inganci. Wanda ya bar faɗin 4000 ya yi ta murƙushe inganci zai samu fuskar da jami'in tantancewa ba zai gane ba.

Ga masu gina shafukan hukuma da na kasuwanci

Ba dole ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Harshen rubuta shafuka na HTML yana da alamar da ake kira picture, wadda Chrome ya sani tun 2014, Firefox tun 2015, Safari tun 2016. A cikinta ana jera AVIF, sai WebP, sai a rufe da alamar img mai ɗauke da JPEG ko PNG. Sabuwar burauza za ta ɗauki na farkon da ta sani, tsohuwa irin Internet Explorer ta tsallake abin da ba ta gane ba ta nuna JPEG ɗin. Wanda ke amfani da WordPress ya duba ƙarin manhajar da ke juya masa hotuna: wasu suna ajiye na asali su ba tsohuwar burauza, wasu suna maye gurbinsa gaba ɗaya. Na farkon ake so. Mahaɗin saukewa kuma ya riƙa kaiwa ga JPEG ɗin.

Wasu ƙananan abubuwa na hana ko JPEG fita daidai. Hoton da mai ɗab'i ya shirya da tsarin launin buga takarda na CMYK ba ya buɗewa a Internet Explorer 8 da waɗanda suka gabace shi, a wasu wuraren kuma launinsa kan jirkice, don haka a mayar da shi sRGB. Hoton da aka ɗauka da waya a tsaye yakan fito a kwance a tsohuwar burauza, domin Chrome bai fara bin alamar juyi da ke cikin fayil ba sai fitowa ta 81 a Afrilun 2020. A juya shi da hannu a sake ajiyewa. Yana da kyau a goge ɓoyayyun bayanan da waya ke liƙa wa hoto, tunda wani lokaci har da wurin da aka ɗauke shi, abin da ɗan kasuwa mai ɗaukar hoton rumbunsa ba zai so ya bazu ba. Sunan fayil kuma a rubuta shi da haruffa marasa ƙugiya, babu tazara, domin ƙ da ɗ da ɓ a sunan fayil sukan rikita tsofaffin tsare-tsare. Inda sabis ke da rauni, JPEG mai buɗewa mataki-mataki ya fi, saboda mai karatu na ganin hoton dishi-dishi tun kafin ya gama sauka.

Kowane hoto yana buƙatar ɗan bayani a rubuce a gurbin da ake kira alt. Mai amfani da Opera Mini da ya kashe hotuna don tattalin data wannan bayanin zai gani, makaho mai amfani da manhajar karanta allo kuma shi zai ji. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta sa wannan ya fi zama wajibi a kan hukumomi. Al'adar ɗaukar hoton sanarwa a manna a shafi ba tare da rubutu ba tana cutar da kowa: ba a iya nemo ta, ba a iya kwafar kwanan wata ko lambar asusu, kuma idan hoton ya ƙi buɗewa sanarwar ta ɓata. A rubuta ta da haruffa, hoton takardar mai sa hannu ya biyo baya a matsayin shaida.

Kafin a ƙaddamar da shafi, a gwada shi a kan kwamfutar da ta fi kowace tsufa a ofis da kuma ƙaramar wayar Android, da datar waya maimakon intanet ɗin ofis.

Takardun tarihi

Gwandu, mazaunin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma inda hubbarensa yake, gari ne na malamai, kuma iyalai da dama a yankin na riƙe da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Masu ɗaukar hotonsu na buƙatar kwafi biyu, kowanne da aikinsa. Na ajiya a yi shi da TIFF, wanda ke nan tun 1986 kuma ana iya ajiye shi ba tare da zubar da komai ba. Shi shirin ceto takardun tarihi na Ɗakin Karatun Birtaniya ke nema daga masu aikinsa. Amma yana da nauyi, kuma in ban da Safari manyan burauzoji ba sa nuna shi, don haka ba shi ake ɗorawa a shafi ba.

Na karatu a yi shi da JPEG, sai dai a nan ba a matse shi kamar hoton buhun albasa. A rubutun ajami ɗigo ɗaya ko wasali ɗaya na canza kalma, kuma jan tawadar da ake yi wa wasula na cikin abin da JPEG ke fara dusasarwa, tunda launi yake fara ragewa. A bar faɗin shafi ya kai fiksel 1600 zuwa 2000, inganci kuma kusan 90, sannan a faɗaɗa hoton a duba ƙananan rubutun gefen shafi kafin a ɗora. Kwafin da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an rage shi, bai cancanci zama na ajiya ba. Na asalin a ajiye shi a wurare biyu daban-daban, ɗaya a wajen gidan da takardun suke.